Mota ta buge ni a kan babur, in karɓi kuɗin da direba ya ba ni?

Sannu ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya. Ka ce mota ta buge ka, ƙafa ta karye, direban ya biya kuɗin asibiti na farko yanzu yana so ka sa hannu a takarda cewa magana ta ƙare. Don Allah kada ka sa hannu tukuna.

Ƙanina haka ya yi, ya karɓa da murna, bayan wata 3 likita ya ce ƙashin bai haɗe ba sai an sa ƙarfe, da muka koma wajen mutumin takardar kawai ya ɗauko ya nuna mana.

Fara da rahoton 'yan sanda, ka karɓi kwafi. Sai lambar motar da ta shaidu da hoton babur ɗin kafin a gyara shi. Duk rasit ka adana, har na bandeji da kuɗin motar zuwa asibiti, da hoton ƙashi da rahoton likita. Mutane na mantawa cewa diyya ba kuɗin magani kaɗai ba ce, kwanakin da ka yi kwance ba ka nema ba ma ana lissafa su.

Ka binciki ko motar na da inshora, amma in kamfanin ya kira ka kada ka yi saurin cewa ai na ji sauƙi, suna rubutawa.

Tunda karaya ce ka nemi lauya da wuri, shigar da ƙara yana da wa'adi, in ya wuce kotu na iya ƙin sauraron ka.