Finafinan Ibro ne a gaba

Malam, ka tambaya finafinan barkwancin wa suka fi, tunda gardama ta kaure a majalisarku ta Agege. Ni dai na marigayi Rabilu Musa Ibro nake sawa a gaba. Tun 2014 ya rasu, Allah Ya jiƙansa, amma har gobe in aka kunna fim ɗinsa a teburin mai shayi, sai ka ga ƙato ya ƙware da shayi saboda dariya. Ko bai buɗe baki ba, zare idon nan nasa ya isa. Na Bosho ke biye. A na Kudu kuwa, Osuofia in London na Nkem Owoh, na 2003, shi ne gwanina. Har maƙwabcina Bayarabe ya yarda da ni a nan.