Tambaya da Amsa: Wai meye taswirar gadon alkama?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam. Ni manomin rani ne a wajen Kadawa, alkama nake yi. Na ji a rediyo wai masana sun zana taswirar ƙwayoyin gadon alkama don su gano masu kare ta daga tsatsa, to wace irin taswira ce wannan, kuma ba shi ne GMO ɗin nan da ake ta surutu a kai ba?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a gona. A'a, ba shi ba ne, shi GMO sauya wa tsiro ƙwayoyin gadonsa ake yi a ɗakin gwaji. Taswirar nan kwatance ce kawai, kamar a ce maka gidan wane yana bayan masallaci kusa da mai shayi, ka ga ko babu lamba a jikin gidan ai za ka je.

Ga yadda ake yi. Za a samu alkamar da tsatsa bata iya mata komai, a haɗa ta aure da wadda ke saurin kamuwa, a shuka jikokinsu da yawa sannan da gangan a watsa musu ƙurar tsatsar, wasu karansu ya yi ja ya rube wasu kuma su tsaya garau, to sai a ɗebi ganyen kowanne a kai lab a duba wace alama ce a DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon, take bin masu lafiyar duk inda suka je. Wannan alamar ita ce masallacin da mai shayin. Da ita mai haɗa iri zai gane tsiro mai juriya tun yana ɗan ƙarami, ba sai ya jira kaka ba.

Aikin fa da wuya, don gadon alkama ya ninka na ɗan Adam kusan sau 5, shi ya sa sai a 2018 aka fitar da cikakkiyar taswirarsa.

Amma abin da ni ya fi damuna shi ne dogaro da ƙwayar gado ɗaya tal. Akwai wata ƙwayar gado mai suna Sr31 da ta daɗe tana kare alkama a ƙasashe da dama, kowa ya saki jiki, kwatsam a 1998 aka ga wata sabuwar tsatsa a Uganda wadda ta karya ta, ita ce ake kira Ug99, iska ta kwashe ta zuwa Kenya da Habasha, ta tsallaka zuwa Yemen, a 2007 har ta kai Iran. Wallahi abin tausayi ne, don ƙananan manoma da ba su da kuɗin feshi su ne suka fi shan wuya. A 2013 aka gano ainihin wasu ƙwayoyin gado biyu masu kariya daga Ug99, Sr33 da Sr35, na farkon daga wata ciyawar daji 'yar'uwar alkama, na biyun daga wata tsohuwar alkama ta zamanin da. Yanzu dabarar ita ce a tara masu kariya uku ko huɗu a iri guda, kuma taswirar ce ke nuna ko duk sun shiga. Ana kai sababbin iri Njoro a Kenya a gwada su gaba da gaba da cutar, tare da CIMMYT, cibiyar binciken masara da alkama da ke Meziko.

A nan gida Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ce ke da alhakin irin alkama. Idan ka ga jan gari kamar tsatsar ƙarfe a kara ko ganye yana mannewa a yatsa, ka yi maza ka nuna wa malamin gona.