Fentina ya fito kamar yashi, da sauran tambayoyinku na wannan makon

Salamu alaikum jama'a. Saƙonni sun taru kan haɗawa da fentin ƙananan sojojin roba na Warhammer 40,000, wasan yaƙin da ake bugawa a kan tebur, na ɗauko uku, sauran ku yi haƙuri sai wani makon in Allah ya kai mu.

Na farko daga wani ƙanenmu a Karantina, Jidda: "Yaya, na sayi kwalin sojojin Space Marines na Warhammer 40,000, na hau saman bene bayan azahar na fesa musu baƙin fentin shimfiɗa, wallahi duk sun fito da gurji-gurji kamar an birkiɗa su a yashi. Gwangwanin jabu ne ko sai na sayi na Citadel mai tsada?"

Ƙanena gwangwaninka lafiyarsa ƙalau, laifin azahar ne. Su waɗannan kaya kamfanin Games Workshop, mai fentin Citadel ɗin da ka ambata, ke yin su a Nottingham can Ingila, tun 1987 ake buga wasan, kuma masu koyar da fenti a YouTube yawancinsu a ƙasashen sanyi suke, shi ya sa za ka ga mutum ya fita bayan gida da rana tsaka ya fesa abinsa ya fito sumul. Mu nan in ka yi haka fentin tun yana iska yake bushewa, kafin ya sauka jikin sojan ya zama gari, shi ne yashin da kake gani. Ga kuma ruɗubar Jidda, wannan danshin da ke manna maka riga a baya, ita ma ɓata feshi take musamman banish na ƙarshe, sai ka ga soja ya yi fari-fari kamar ƙafar yaro a hunturun Kano. Ni ma ta ci ni, sojoji goma na lalata rana ɗaya a shekarata ta farko, har yau akwai ɗaya a kan talabijin ɗina fuskarsa kamar an barbaɗa mata gero.

Ka bar gwangwanin ya kwana a ɗaki ba a mota ba (barin shi a mota ma haɗari ne), ka girgiza shi minti 2 cur, ka fita bayan asuba, ka tsaya kamar santimita 20 zuwa 25, fesa kaɗan-kaɗan kana wucewa da hannu, ka shigo da su ɗakin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, su bushe. In watan ya yi tsanani ka manta da feshi gaba ɗaya, kamfanin fenti na Vallejo na da na shafawa da burushi, ni daga Yuni zuwa Satumba shi nake amfani da shi. Waɗanda suka lalace kuma kar ka zubar, jiƙa su a sifirit ɗin isopropyl na wasu awoyi ka goge da tsohon burushin haƙori. Amma don Allah ban da ruwan goge jan farce, asiton ne a ciki, narkar da robar zai yi ka dawo kana min kuka.

Sai wata Hajiya daga Madina: "Ɗana shekararsa 14 ya dame ni sai na saya masa babban kwali da fenti kala 40. Me ya kamata in saya? Kuma babansa na ƙorafin surar fuska."

Hajiya barka da ƙoƙari. Kar ki sayi babban kwalin nan yanzu. Cikakken wasa na maki 2,000 (kowane rukunin sojoji da makinsa) runduna guda ce, yara da yawa a soja na biyar suke gajiya sauran su kwanta a ƙarƙashin gado, kuɗi kuwa an kashe, ga harajin kashi 15 ga kuɗin aiko. Akwai ƙaramin wasan da ake kira Kill Team, sojoji wajen goma ake buƙata, kwali ɗaya ya ishe shi. Fenti kala shida ko bakwai: baƙi, fari, azurfa, ruwan zinare, kalar da yake so, sai wani mai ruwa-ruwa da ke gangarawa cikin lunguna ya fito da zanen, na Citadel sunansa Nuln Oil. Burushi lamba 1 mai tsinin baki za ki samu a kantin littattafai na Jarir. Ki kuma ba shi wata robar abinci mara zurfi, ya shimfiɗa tishu jiƙaƙƙe ya ɗora takardar gashin kek a kai, nan zai riƙa ɗiga fenti, in ba haka ba iskar mukayyif kafin ya juya ta busar da shi.

Maganar sura kuma ni ba malami ba ne Hajiya, Alhaji ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Abin da zan iya cewa a ɓangarena, kwalin Space Marines na zuwa da kawuna masu hular kwano da ke rufe fuska ruf, akwai kuma tankoki da jirage zalla in ma hakan ya fi kwantar masa da hankali.

Na ƙarshe daga Riyad, wani direba: "Malam ina so in canza wa kwamandana kai da bindiga, in yi masa alkyabba. Supa gulu ya isa? Green Stuff ko Milliput?"

Yawwa, nan ne daɗin abin yake. Roba da roba ka nemi gam ɗin roba irin Tamiya Extra Thin, shi narkar da gefen biyu yake su zama abu ɗaya, amma ba ya kama rezin ko ƙarfe, can ne supa gulu ke aiki. Alkyabba kam Green Stuff, wani ƙulli ne rabi rawaya rabi shuɗi, kana murzawa ya koma kore, yana da danƙo kamar cingam don haka yana ba da lanƙwasar yadi. Milliput shi ma ƙulli ne amma ya fi ƙarfi in ya bushe, ana iya goge shi da sanfefa, ya fi dacewa da cike rami ko gyaran jikin tanki. Ka jiƙa yatsu da ruwa ko ɗan basilin, ka baje shi siriri a kan takardar kek, ka ba shi kamar minti 20 ya ɗan daskare kafin ka rataya a kafaɗa, in ba haka ba zanen yatsanka zai fito raɗau a bayan kwamanda. A zafin Riyad yana saurin ƙamewa, kwaɓa kaɗan-kaɗan, sauran ka sa a firij, kar dai yara su ɗauka alawa ce.

Bindigar kuma shawarata kar ka manne ta. Sayi ƙananan maganaɗisu masu faɗin milimita 2, ka huda hannu da bindiga da ɗan mahudin hannu ka saka, ranar da dokokin wasa suka canza, kuma suna yawan canzawa, sai ka zare ka maƙala wata. Ka ɗiga jan maka a fuska ɗaya ta kowane maganaɗisu kafin ka sa gam, don in ka juya shi baibai bindigar tsalle za ta riƙa yi tana gudun hannun, cirowa kuma sai da wuƙa. Ka turo min hoto in ka gama, ina son ganin alkyabbar nan.