Hukuncin haɗa ƙananan tankokin yaƙi na roba da yi musu fenti

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da sha'awar haɗa ƙananan tankokin Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda ke zuwa gutsi-gutsi a kwali, a manna su, a yi musu fenti su fito sak na gaske. Wani ya ce min wannan surantawa ce da aka hana. Kuma a kwalin akan sa 'yan sojoji na roba da tambarin gicciye. Ina matsayin abin a shari'a?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ita tankar kanta halal ce, ka haɗa ta, ka ajiye, ka sayar in ka so. Hanin ya shafi mai rai ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya karanta masa hadisin azabar masu surantawa. Da ya ga mutumin ya razana, sai ya ce masa in ya zama dole, ya yi bishiya da duk abin da ba shi da rai. Tankar Jamus Tiger I mai gangar jiki kusan mita 6.3, wadda a ma'aunin 1/35, wato an rage girmanta sau 35, take komawa santimita 18, ƙarfe ce aka kwaikwaya da roba. Dacewarta da ta gaske ba ta ƙara mata wani hukunci.

Inda za ka tsaya shi ne sojojin nan. Mutum-mutumi ne mai inuwa, kuma in gaɓoɓinsa sun cika, haramcinsa shi ne maganar jumhurun malamai. Rangwamen 'yar tsana da ya tabbata ga Nana A'isha na wasan yara ne, bai haɗa da babba mai ado da su a kabad ba. Akwai kwamandan da akan yi shi rabi, daga ƙugu zuwa sama, a dasa shi a bakin murfin tanka. Malikiyya ba su haramta wanda ya rasa gaɓar da ba a rayuwa sai da ita ba. Amma a hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, kan mutum-mutumin ne Mala'ika Jibrilu ya ce a cire, ya koma kamar bishiya, kuma shi wannan kwamanda kansa da fuskarsa suna nan. Ni dai abin da na fi natsuwa da shi, ka manne murafun a rufe. Haka ma ya fi kyau a aikace, domin yawancin kwalaye ba su da kayan ciki, murfi a buɗe rami kawai yake nunawa. In kana son ta yi kama da wadda aka yi aiki da ita, ga jarkoki, shebur, igiyar ja, da taɓo a sarƙar ƙafafunta.

Gicciyen tankokin Jamus alamar gane juna ce a fagen fama, shi ya sa wasu malamai suka sassauta. Sai dai Nana A'isha ta ce Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ba ya barin abu mai gicciye a gidansa sai ya warware shi, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Kada ka manna shi, ko ka ɗora kaya a gurbinsa. Tambarin 'yan Nazi kuwa, da ke tutar da ake shimfiɗawa don jirage su gane tankar, ko a jikin hoton dabino na rundunar Jamus ta Afirka ta Arewa, alamar zalunci ce, kada ka manna ta sam. Lambobi ba komai. Kafin ka manna su, ka fesa ruwan kariya mai ƙyalli, domin a kan fenti mai kaushi iska tana maƙalewa ƙarƙashin sitikar ta yi fari-fari.

Abin da ya fi damuna, wanda ba ka tambaya ba, shi ne alwala. Fenti da sufa gulu in sun bushe a yatsa suna hana ruwa kai wa fata, alwalar ba ta inganta sai an cire su. Ka sa safar hannu a hannun da ke riƙe tankar. Fentin ruwa yana fita da sabulu da ruwan ɗumi, sufa gulu kuma da asiton, sinadarin goge fentin farce. In launi kaɗai ya saura ba ɓawo, ba ya hanawa. Sinadarin alkohol na tina, wato ruwan tsarma fenti, ba giyar sha ba ce, abin da na rinjayar ba ya najasta tufa. Burushin gashin alade tsarkakakke ne a Malikiyya in aske gashin aka yi, najasa ne a Shafi'iyya. Na roba ya raba gardama. Ka buɗe taga, ka sa takunkumi lokacin feshi, domin cutar da kai haramun ne.

In za ka sayar, gaskiya wajibi ce wajen cewa ta dace da tarihi. A fentin tankokinta, Jamus ta bar toka-toka mai duhu ta koma rawaya mai duhu a Fabrairun 1943. Shafen zimmerit mai tsaga-tsaga, da ake yi wa jikin tanka don kada nakiya mai maganaɗisu ta manne, bayan yaƙin Kursk na Yulin 1943 a Rasha aka fara shi, aka daina a Satumbar 1944. Wanda ya shafa shi a Tiger ya ce ta Kursk ce, ya faɗa wa mai saye abin da ba haka ba, sai ya bayyana masa.

Wannan duka da sharaɗin kada ya ci lokacin salla, ko kuɗin ciyar da iyali. Feshi yana buƙatar wanke bindigar fenti nan take kafin ya daskare, saboda haka kada ka dama fenti ana dab da kiran salla.

Wallahu a'alam.