Ya halatta gwamnati ta tilasta a buɗe mata saƙonnin mutane?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na ji wai wasu gwamnatoci na so su kafa doka su WhatsApp da Signal su ba su hanyar karanta saƙonnin da aka kulle don kama 'yan ta'adda, ni dai ban ga laifi ba tunda ba abin da nake ɓoyewa, ko shari'a ta ce wani abu?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Asali leƙen asirin mutane haramun ne, Allah ya ce "wa la tajassasu" a Hujurat aya ta 12, kuma shugaba ma bai fita ba, hadisi ya zo a Abu Dawud cewa idan shugaba ya shiga neman abin zargi a cikin jama'a to ya lalata su. Batun ba ka ɓoye komai kuwa, ai hirarka da iyalinka ba laifi ba ce, amma ka yarda wani ma'aikaci ya zauna yana karantawa?

Lalura ana duba ta. Lokacin da Hatib ɗan Abi Balta'a ya aika wa Kuraishawa wasiƙar tona asirin shirin Musulmi ta hannun wata mata kafin buɗe Makka, Annabi (SAW) ya tura Sayyidina Ali da Zubair da Miƙdad suka tare matar a wani wuri da ake kira Raudatu Khakh, ta ciro wasiƙar daga cikin kitsonta. To lura, mace ɗaya ce, labari tabbatacce, ba a ce a kwance kitson duk matan da ke kan hanya ba.

Dokar da kake magana kwance kitson kowa ce. Irin kullen da WhatsApp da Signal ke yi wa saƙonni makullinsa na wayar mai aikawa da ta mai karɓa ne kawai, kamfanin kansa ba ya gani, shi ya sa ba yadda za a buɗe wa gwamnati ƙofar baya ba tare da an raunana na kowa ba, kuma ƙofa ba ta tambayar mai shiga ko shi waye. An gani a Girka a 2004 zuwa 2005, wasu suka bi ta na'urar sauraron da aka tanadar wa hukuma suka yi ta sauraron wayar firaminista kansa, a 2024 ma masu kutse da ake dangantawa da China sun shiga irin wannan tsari a kamfanonin wayar Amurka, wanda wata dokar ƙasar ta 1994 ta tilasta musu kafawa.

Don haka bibiyar mutum ayyananne da hujja mai ƙarfi da izinin alƙali, na ɗan lokaci, ya halatta, wani sa'in ma wajibi ne idan rai za a ceta. Tilasta buɗe saƙonnin kowa da kowa bai halatta ba, lalura gwargwadonta ake ɗauka. Wallahu a'alam.