Amsar Baffa Kan Kaciyar Jariri

Ɗana, na ga saƙonka tun daren Laraba, na bari sai da na natsu. Ka ce hoton ciki ya nuna namiji ne, iyalinka da mahaifiyarta suna son a yi masa kaciya a asibiti tun yana cikin tsumma, shi kuwa Yaya, wato babanka, ya ce gidanmu ba a taɓa yi wa yaro ba sai ya kai shekara bakwai, kuma wanzamin gida ke yi. Kana tambayata wanne ne daidai. Allah ya sauke ta lafiya tukuna, don mu da ba mu ga hoton ciki ba a zamaninmu, sai an ji kukan jariri ake sanin abin da aka samu.

Babanka bai faɗi ƙarya ba. Ni da shi rana ɗaya aka yi mana, zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na III, mu tara a zaure ɗaya wajen Ƙofar Marke a nan Sakkwato. Da hunturu ake yi, bayan an kai amfanin gona gida, saboda miki ya fi saurin bushewa da sanyi, kuma akwai abin ciyar da 'yan shayi. A haƙa ɗan rami, a zaunar da kai a bakinsa, wani ƙato ya riƙe ka ta baya, kafin ka gama ihun farko wanzami ya mayar da askarsa zabira. Sai a barbaɗa garin bagaruwa, wadda majema ke jeme fatar jar akuya da ita, a sa maka kara tsakanin gwiwoyi don kada cinya ta taɓa wurin in ka yi barci. Abin da ya zauna mini a rai kaza ce. Ban taɓa cin kaza guda ni kaɗai ba sai a wannan makon. Kowa ya zo dubiya da ɗan abinsa a hannu, kai kuma kana zaune kamar sarki, ana ce maka ka zama namiji.

Shekara bakwai ɗin nan kuwa daga littafi ta fito. Mu nan Malikawa ne. A Risala, littafin fiƙihun mazhabarmu, kaciyar namiji sunna ce mai ƙarfi, tana cikin abubuwa biyar na fiɗira da suka zo a Buhari da Muslim. Malaman mazhabarmu sun fi son a yi ta lokacin da ake fara umartar yaro da salla, wato daga bakwai zuwa goma, kuma Muhtasar, shi ma littafin mazhabar ne, ya lissafa yin ta ranar suna cikin makaruhai. Shafi'awa kuma ranar bakwai ɗin ce suka fi so. Ka ga ke nan saɓani ne na wane lokaci ya fi, waɗannan littattafan namu ba su ce haramun ne a yi wa jariri ba. In kana son ka kauce wa karhancin, kada a yi ranar haihuwa, kada a yi ranar suna. Sauran kwanaki a buɗe suke.

Ra'ayina, tunda ka nema: a yi masa yana ƙarami, a asibiti. Na ga na jikokina. Jariri ba ya gudu, ba ya tsoro tun kwana uku kafin ranar, ba ya faɗawa ƙasa da miki, kuma cikin kwana bakwai zuwa goma ya warke. Galibi ɗan zoben roba suke sa wa, a ɗaure da zare, ya faɗi da kansa cikin kamar mako guda. Amma kada ka yarda da masu cewa jariri ba ya jin zafi. Yana ji sarai, bakin faɗa ne ba shi da shi. Ka tambaya ko za su sa maganin kashe zafi, in sun ce ba sa sawa, nemi wani wuri.

Akwai abin da ya fi ranar muhimmanci, nan nake son ka buɗe kunne. Jinin jariri mai kilo 3 gaba ɗayansa bai wuce rabin ledar fiya wata ba. Abin da kai za ka zubar ka share ka tafi kasuwa, shi zai iya kai shi lahira. Shi ya sa ake yi wa jarirai allurar bitamin K da an haife su, don jininsu bai iya daskarewa da kyau ba a kwanakin farko. Ka tabbatar an yi masa, musamman in haihuwar ta zo a gida. Sa'an nan ka sa iyalinka ta tambayi mahaifiyarta: cikin 'yan'uwanta maza da kawunnanta akwai wanda in ya yanke jini ba ya tsayawa, ko wanda aka sha wuya da shi wajen kaciya? Wannan ciwon ta wajen uwa yake bi ya sauka kan 'ya'ya maza. Tambaya ce mai nauyi ga suruki, na sani, shi ya sa na ce ita ta yi. In an samu, a gaya wa likita a gwada jinin yaron kafin kowa ya taɓa shi.

A kuma duba gabansa da kyau. Wani yaron ana haihuwarsa ƙofar fitsarinsa tana ƙasa, ba a tsinin ba. Irin wannan ba a yi masa kaciya, domin da wannan fatar likitoci ke gyara wurin daga baya, in an yanke an zubar an ƙara musu aiki. Sai a kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo wajen likitocin tiyatar yara. Bakwaini, da mai shawara wanda idonsa ya yi ɗorawa, da mai zazzaɓi, duk a jira su murmure. Babu mai binku bashin rana. In kuma haihuwar ta faɗo cikin zafin Afrilu, kun san Sakkwato, ma'aunin zafi yana haura 40, sai a rage ƙunshe shi cikin kaya, a riƙa canza masa ƙunzugu da wuri.

Bayan an dawo gida, in jini ya ƙi tsayawa, ko wurin ya kumbura yana wari, ko ya wuni bai yi fitsari ba, ko zoben ya zame ya shaƙe kan, ko ya haura kwana goma bai faɗi ba, a koma asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne. Kada a bari wata tsohuwa ta ce a shafa toka ko man zafi. Bagaruwar da na ambata ɗazu ma a bar wa majema kayansu.

Ban ce wanzamai ba su iya ba. Akwai waɗanda hannunsu ya fi na wasu masu farar riga, kuma ba kowane mai ɗakin shan magani a lungu ne ya koyi aikin ba, don haka ka bincika wanda zai yi, sau nawa ya yi. Abin da nake tsoro aska ɗaya a kan yara tara, kamar yadda aka yi mana. Mu Allah ya tsare, lokacin ba mu san ciwon hanta da ƙanjamau suna bin ƙarfe ba. Yanzu an sani.

Shi kuwa Yaya, in ka lura, rabin damuwarsa wanzamin ne. Kakan mutumin nan ya yi wa kakanka aski, ubansa ya yi mana kaciya, ba a sallamar irin wannan zumunci da saƙon waya. A kira shi ranar suna ya yi askin jariri da sabuwar reza da ka sayo da hannunka, a ba shi kasonsa na rago da goro da kuɗinsa cikakke, har da abin da zai samu da shi ya yi kaciyar. Beli dai kada ya cire, wannan na tsaya a kai.

Kai ɗan fari ne, na san ba za ka iya zama gaban babanka kuna wannan magana ba, shi ma ba zai ɗaga kai ya dube ka ba. Bar mini shi. Ranar Juma'a in mun sauko daga Masallacin Shehu zan bi ta gidan da Muhtasar ɗina a hammata. Ka gaida iyalin, ka ce mata kada ta yi wasa da zuwa awo.