Mujallar JEEM da kundin galamsey: me ke cikinta, kuma da me ake auna tasirinta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce daga Aboabo, ina digiri na biyu a fannin tattalin arziki a nan Kumasi. Kundina a kan ɓarnar da galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ke yi wa ruwan sha ne. Malamin da ke duba aikina ya dawo mini da babi na biyu, ya ce in je in karanta JEEM, wai ita ce uwa a wannan fanni. Na buɗe, ban tarar da komai ba sai lissafi da labarin Amurka da Sin. Don Allah me mujallar nan ke bincike a kai? Da me ake auna tasirin da ake cewa tana da shi? Kuma me za ta tsinana mini a kan kogin Offin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Malaminki bai ɓatar da ke ba, kuma abin da kika gani ma haka yake. Bari mu bi abin daki-daki.

Cikakken sunanta Journal of Environmental Economics and Management, wato mujallar tattalin arzikin muhalli da yadda ake tafiyar da shi. Ta fara fitowa a Amurka a 1974, kuma Ralph d'Arge da Allen Kneese ne suka assasa ta. Ki dubi lokacin. A 1970 Amurka ta kafa hukumar kare muhalli, ta kuma tsaurara dokar tsabtar iska. A 1972 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi babban taronta na farko kan muhalli a Stockholm. A 1973 farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabi. Gwamnati na kafa dokoki, masu masana'antu na kukan tsada, suna nuna takardun kuɗin da za su kashe, ɗaya ɓangaren kuwa ba mai iya cewa ga adadin amfanin da jama'a za su samu.

A nan ne zuciyar mujallar take. Ki shiga kasuwar Kejetia, goro da farashinsa, doya da farashinta, har ɗan dako ya san kuɗin kai kaya bakin mota. Iska mai tsabta ba ta da rumfa a kasuwa, kogi mai ruwa garai-garai ma haka. Abin da ba shi da farashi kuwa, ranar da aka zauna lissafin riba da asara, sifili ake rubuta masa. Babban aikin da JEEM ta shahara da shi shi ne neman hanyar da za a cire wannan sifilin a sa lamba mai hujja.

Tun a shekararta ta farko Alan Randall da abokan aikinsa biyu suka buga binciken da suka yi a kudu maso yammacin Amurka, inda wata tashar lantarki mai ƙona kwal da mahaƙarta suka ɓata sararin yankin. Suka riƙa nuna wa mutane hotuna, suna yi musu tayi kamar ana ciniki: za ka biya kaza don a rage wannan? To kaza fa? Ba su ne suka ƙirƙiro dabarar ba, amma aikinsu na cikin waɗanda suka ba ta gindin zama. A 1978 kuma David Harrison da Daniel Rubinfeld suka bi ta wata ƙofar. Maimakon su tambayi kowa, sai suka ɗauki darajar gidaje a yankuna 506 na birnin Boston da kewaye, suka ware tasirin yawan ɗakuna da nisa daga wurin aiki da sauransu, don su ga nawa gurɓatar iska kaɗai ke rage wa gida daraja. Duk wanda ya taɓa neman ɗakin haya a Zango ya san wannan ba tare da karatu ba: ɗakin da ke bakin kwata ba ya kai kuɗin wanda ke kan tudu. Su dai sun mayar da shi lissafi ne. Abin dariya, alƙaluman Boston ɗin nan sun yi shekaru ana koyar da ɗaliban kwamfuta da su a duniya, yawancinsu ba su ma san daga binciken hayaƙi suka fito ba.

Ranar da dabarar tambayar ta fita daga aji ta shiga kotu ita ce ranar da ta san wuta. A watan Maris na 1989 jirgin dakon mai Exxon Valdez ya yi karo da dutse a Alaska, ɗanyen mai kusan galan miliyan 11 ya malale. Jihar Alaska ta sa masana su tambayi Amurkawa, har waɗanda ba su taɓa zuwa wurin ba, suka ƙiyasta asarar da ta kai dala biliyan 2.8. Nan fa gardama ta kaure: ta yaya za a biya diyya bisa abin da mutum ya faɗa da baki, kuɗi bai fita daga aljihunsa ba? A 1992 JEEM da kanta ta buga suka mai zafi daga Daniel Kahneman da Jack Knetsch, waɗanda suka nuna cewa kuɗin da mutane ke ambata bai cika sauyawa ba ko abin da za a ceta ƙarami ne ko babba. Suka ce abin da mutum ke saye shi ne jin daɗin ya yi abin kirki. A 1993 wani kwamiti da gwamnatin Amurka ta kafa, ƙarƙashin Kenneth Arrow da Robert Solow, ya ce ana iya amfani da dabarar, amma da sharuɗɗa masu tsauri. Ni a wurina wannan ne ya fi nuna darajar mujallar: ta rene dabara, kuma ta buɗe shafinta ga wanda ya zo ya kwance mata zani a kasuwa.

Jigo na biyu shi ne albarkatun da ake ɗiba, ko masu ƙarewa kamar zinariya da mai, ko masu hayayyafa kamar kifi da daji. Tushen ya girmi mujallar. Harold Hotelling ya yi rubutunsa kan ma'adinai masu ƙarewa a 1931, Scott Gordon kuma ya bayyana a 1954 dalilin da ya sa tekun da kowa ke shiga ba shamaki ke talauta masuntansa. A JEEM, a 1975, Colin Clark da Gordon Munro suka ɗora: kifin da ke cikin ruwa jari ne, wanda ka bari yau shi zai haifa maka na gobe, don haka tambayar ita ce nawa za a ci, nawa za a bari a matsayin uwar kuɗi. Idan kin ji ana muhawara kan rufe teku na wani lokaci a wuraren masunta irin su Elmina ko Chorkor, ko kan tallafin man kwale-kwale da ke ƙara yawan masu bin kifin da ya riga ya ragu, to wannan lissafin ne ake yi, ko an ambaci sunansa ko ba a ambata ba. Mai sayar da bandar kifi a Asawase ma ta san labarin, ta bakin farashi.

Sauran jigogin zan wuce su da sauri. Akwai gardamar wanne ya fi, haraji a kan mai gurɓatawa ko ƙayyade masa adadi a bar shi ya sayar da rarar izininsa, tsarin da Amurka ta sa a dokarta ta 1990 kan hayaƙin tashoshin lantarki. Akwai binciken Thomas Selden da Daqing Song na 1994, wanda ya ga wasu nau'o'in gurɓatar iska na ƙaruwa da ƙaruwar arziki sannan su dawo ƙasa. Wannan kam ki riƙe shi da hannu biyu, don an sha mayar da shi hujjar “mu yi arziki tukuna, gyara ya biyo baya”, alhali zaibar masu haƙar zinariya da ta kwanta a ƙasan kogi ba ta san an yi arziki ba. A 'yan shekarun nan kuma sauyin yanayi, lafiyar jama'a, da alƙaluman tauraron ɗan'adam sun mamaye shafukan, shi ya sa kika ga Sin ko'ina: tana da gurɓata mai yawa, tana kuma da alƙaluma masu yawa.

Yanzu batun tasiri. Lambar da za ki ji ana yawan ambata ita ce ma'aunin tasiri, imfak fakta a bakin malamai. Eugene Garfield ne ya ƙirƙiro ta, kamfanin Clarivate ke fitar da ita duk shekara. Lissafin mai sauƙi ne. A ce, a misali, mujalla ta buga maƙala 200 a shekaru biyu da suka wuce, a bana kuma aka ambace su sau 1,000 a wasu rubuce-rubucen, to lambarta 5 ce. Shi ke nan. Ta ko wane ma'auni aka bi, JEEM na sahun gaba a fanninta, ba na musu. Amma ki lura da abin da lambar ba ta gani. Shekara biyu kawai take dubawa, ilimin tattalin arziki kuwa a hankali yake nuna. Rubutun Hotelling ya yi kusan shekara 40 ba a damu da shi sosai ba, sai da rikicin mai ya zo aka kakkaɓe masa ƙura. Sannan matsakaici ce: maƙala goma da aka ambata ɗaruruwa na iya ɗaukar ɗari da ba wanda ya waiwaya. Ba ta bambanta ambaton yabo da na suka. Kuma ba ta ƙirga alƙali, ko ɗan majalisa, ko jami'in ma'aikata da ya yi aiki da binciken. Saboda irin waɗannan dalilai ne wasu masana da editoci suka tsara sanarwar San Francisco a 2012, suna kira da a daina auna mai bincike da lambar mujallar da ya buga a ciki. Kwamitocin ƙarin girma a jami'o'i da dama dai har yau kunnen ƙashi suke yi.

Wani abin da ya kamata ki sani: JEEM ta daɗe a matsayin mujallar ƙungiyar masana fannin, AERE, wadda aka kafa a 1979. A 2014 ƙungiyar ta buɗe tata sabuwa, JAERE, JEEM kuma ta ci gaba a hannun kamfanin Elsevier. Saboda haka in kina neman aikin bayan 2014, ki duba duka biyun.

To, kogin Offin. Gaskiya ita ce ba a JEEM aka fi rubuta labarin galamsey ba. Tambayoyinta sun taso ne daga ƙasashen da ke da rajistar gidaje, da na'urorin auna iska, da hukumar da in ta ci tara ana biya. Namu yanayin daban: Gana ta halasta ƙaramin haƙar zinariya ga 'yan ƙasa tun 1989, ta sake tsara shi a dokar ma'adinai ta 2006, ta dakatar da shi gaba ɗaya a 2017 zuwa ƙarshen 2018, amma ga kogunan Offin da Pra da Ankobra da Birim nan kamar kunu. Don fahimtar dalilin da ya sa manomi ke sayar da gonar kokonsa ga mai injin haƙa, da rawar sarakuna da masu ba da jari, ki nemi Resources Policy da The Extractive Industries and Society, inda Gavin Hilson da masana 'yan Gana da dama suka yi rubutu mai yawa, da kuma Environment and Development Economics ta Kambirij, wadda ta fara a 1996 musamman don ƙasashe masu tasowa. Ki kuma karanta aikin Fernando Aragón da Juan Pablo Rud da ya fito a Economic Journal a 2016. Sun gano cewa tsakanin 1997 da 2005 yawan amfanin da manoman da ke kusa da manyan mahaƙun zinariya a Gana ke samu daga ƙasa da aikinsu ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100 idan aka kwatanta da na nesa. Ki kula, manyan kamfanoni suka duba, ba galamsey ba, kar ki haɗa su a babinki.

Abin da za ki ɗauko daga JEEM shi ne kayan aiki, da sanin inda kayan ke karyewa. In kin ce za ki shiga ƙauyukan bakin Offin kina tambayar nawa mutum zai biya a tsabtace kogi, ki shirya wa abu uku da na sha gani a fili. Wani zai ɗauka sabon haraji ne gwamnati ke shiryawa, ya ce ko sisi. Wani zai ɗauka ƙungiyar agaji ce ta aiko ki, ya faɗi abin da yake jin zai jawo aikin. Wata dattijuwa kuma za ta ce “to” ga duk kuɗin da kika ambata, don ba a kunyata baƙo. Ga shi kuma abin da talaka zai iya biya aljihunsa ne ke yanke shi, ba ƙishirwarsa ba, sai lambarki ta fito ƙarama, mai son kare ɓarna ya ɗauke ta ya ce kogin ba shi da wata daraja.

Da ni ne, da na fara da kuɗin da ya riga ya fita daga aljihu. Nawa gida ke kashewa a mako kan ruwan leda, wanda da daga kogi ake ɗiba? Awa nawa mata da yara ke ƙarawa zuwa rijiyar burtsatse? Nawa aka ƙara kashewa kan sinadaran tace ruwa a matatar da ke ɗiba daga kogin da ya gurɓace? Wannan hanya ana kiranta kuɗin kare kai, tana da nata tarihin a JEEM, kuma abin da take bayarwa shi ne mafi ƙarancin asarar, don ba ta kama ciwon da zaiba za ta haifar nan da shekara goma. Ki faɗi haka ƙarara a kundinki. In kin so ki ƙara da tambaya, ki gwada tambayar kwana nawa mutum zai ba da na aikin gayya maimakon sidi nawa, an yi hakan a wurare da dama da kuɗi ke wuya a hannu.

Game da lissafin da ya tsorata ki: ki karanta gabatarwa, ki tsallaka zuwa inda suka bayyana alƙalumansu da sakamako, sai ki dawo tsakiya in maƙalar ta cancanta. Biyar ko shida da kika fahimta sosai sun ishe ki babi na biyu. In kin ci karo da wadda aka rufe sai an biya, ki fara tambaya a laburaren jami'arku, ki kuma bincika sunanta a RePEc, rumbun intanet na rubuce-rubucen tattalin arziki, don sau da yawa kwafin farko da marubucin ya saki kafin bugawa yana nan kyauta. Kafin ki koma wurin malaminki, ki rubuta masa a shafi ɗaya wace hanya kika zaɓa, wane gari a bakin Offin, da gida nawa za ki iya zagayawa da kuɗin da ke hannunki.